AMSOSHIN WASIƘUNKU: Wane Ne Gwani Cikin Samarin Lamba 10 Na Wasan Zari-Ruga, Kuma Ina Kasuwarsu Ta Dosa?

 

Wasiƙar da muka zaɓo a wannan mako ta fito ne daga hannun wani Alhaji mai sana'ar shanu a kasuwar Maigatari. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya ce 'ya'yansa sun ishe shi da gardama a kan wani wasa da suke gani a gidan kallo, wanda ake yi da ƙwallo mai siffar ƙwai, ana gudu da ita a hannu ana kayar da juna. Ya ce kullum musunsu a kan wasu samari ne masu sa riga lamba 10. Saboda haka yana so a bayyana masa abu uku: mene ne aikin mai lamba 10, wane ne ya fi cikin samarin da ke tasowa, sa'an nan me ya sa ake cewa wani yaro yakan ƙi kuɗi mai yawa a ƙasar waje ya zauna gida a kan kaɗan. Ya ce shi dai a saninsa ba a yi wa tayi mai tsoka albarka.

To Alhaji, mun gode da wannan wasiƙa. Sai ka gyara zama, don amsar tana da ɗan tsawo. Lissafin da zan kawo kuwa na abubuwan da suka faru ne har zuwa ƙarshen shekarar 2025.

SHI KANSA WASAN

Sunan wasan ragbi, mu kuma a Hausa mukan ce zari-ruga. Ya samo sunansa ne daga wani gari a Ingila mai suna Rugby, inda ɗaliban wata makaranta suka fara yinsa. Kowane ɓangare mutum 15 ne, ana yin minti 80, wato minti 40 sau biyu. Takwas daga cikinsu ƙarti ne majiya ƙarfi, aikinsu turereniya da ƙwato ƙwallo. Sauran bakwai ɗin masu gudu ne.

Babbar dokar wasan ita ce ba a jefa wa ɗan'uwa ƙwallo gaba da hannu, sai baya ko gefe. Wanda ke son ta yi gaba, ko dai ya ruga da ita, ko ya buga ta da ƙafa. In mutum ya kai ta bayan layin abokan karawa ya dangwala ta a ƙasa, ya ci maki 5. Daga nan sai a ba su bugun ƙari, in ta bi ta tsakanin dogayen ƙarafan nan biyu, ta saman sandar da ke gicciye, maki 2 ke nan. Bugun tara, in an yi musu laifi, maki 3 ne. Akwai kuma bugun bazata, inda ɗan wasa zai saki ƙwallo ana tsakiyar wasa, tana taɓa ƙasa ya ɗauke ta da ƙafa, shi ma maki 3.

AIKIN MAI LAMBA 10

Turawan Ingila suna kiransa filai-haf, amma ni in za a bar ni, madugu zan kira shi. In ƙartin nan takwas suka ƙwato ƙwallo, mai lamba 9 ne ke ɗauko ta ya miƙa wa mai lamba 10. A wannan ɗan lokaci, kafin ƙiftawar ido, shi zai yanke shawara: a buga ta can nesa a ci fili, ko a miƙa wa masu gudu, ko shi da kansa ya kutsa. Yana cikin wannan tunani kuwa wani ƙato mai nauyin buhun masara, ko fiye, yana tahowa a guje don ya kayar da shi. Galibi kuma shi ne mai bugun tara da bugun ƙari.

Don ka san nauyin wannan matsayi, dubi yadda aka ci Kofin Duniya sau uku. A 1995 a Johannesburg, Joel Stransky ne ya yi bugun bazatar da ya ba Afirka ta Kudu nasara a kan Niyu Zilan da ci 15 da 12, ranar da Nelson Mandela ya miƙa kofin. A 2003 a Sydney, Jonny Wilkinson ya yi irin wannan bugu, Ingila ta ci Ostireliya 20 da 17. A 2023 a Paris, Afirka ta Kudu ta ci Niyu Zilan 12 da 11, kuma duk maki 12 ɗin nan daga ƙafar Handré Pollard suka fito. Dukkansu ukun masu lamba 10 ne. Shi ya sa a yawancin kulob-kulob yana cikin waɗanda suka fi kowa albashi.

Alhaji, kai da ka san shanu, in za ka sayi ɗan maraƙi don huɗa, ba ƙiba kaɗai kake dubawa ba. To haka masu ɗaukar 'yan wasa suke. Abu biyar suke dubawa ga mai lamba 10. Na ɗaya ƙafa, wato nisan bugu da saiti. Na biyu hannu, wato iya miƙa ƙwallo daidai lokacin da ya kamata. Na uku natsuwa, musamman in wasa ya zo ƙarshe ana bin su maki ɗaya ko biyu. Na huɗu ƙarfin hali wajen tare abokin karawa, don kowace ƙungiya takan auna mai lamba 10 ta turo masa ƙartinta. Na biyar lafiyar jiki. Bari mu auna samari huɗu da wannan mudu.

NA FARKO: SACHA FEINBERG-MNGOMEZULU

Sunan yana da wuyar faɗi, shi ya sa kowa Sacha yake ce masa. An haife shi a Cape Town a 2002, kulob ɗinsa kuwa Stormers na wannan birni. Ya fara buga wa Afirka ta Kudu a watan Yunin 2024 a karawarsu da Wels. Ranar 27 ga Satumbar 2025 a birnin Durban, Afirka ta Kudu ta lallasa Ajantina 67 da 30, shi kaɗai ya ci maki 37: dangwale 3, bugun ƙari 8, bugun tara 2. Babu ɗan ƙasar da ya taɓa cin haka a wasa ɗaya. Kafin nan Percy Montgomery ne ke riƙe da kambin, da maki 35 da ya ci a kan Namibiya a 2007. A watan Nuwamban 2025 kuma da shi aka je Paris aka ci Faransa 32 da 17, aka je Dublin aka ci Ailan 24 da 13.

Abin da ya raba shi da sauran shi ne gudu. Yana da saurin da in ya ga 'yar kafa ba ya jiran kowa. Ga ƙafa mai nisa, ga shi yana iya tsayawa a lamba 12 ko lamba 15, wanda ke ƙara masa daraja, kamar dai san da ke huɗa kuma yake jan amalanke. Inda ake masa tsoro shi ne zafin kai irin na ƙuruciya, da kuma rauni. A 2024 ya ji ciwo a gwiwa ya ɓoye don kada a hana shi karawa da Niyu Zilan, har kocinsu Rassie Erasmus ya fito fili ya nuna bai ji daɗi ba, daga baya kuma sai da aka yi masa aiki a gwiwar.

NA BIYU: FIN SMITH

Shi ma a 2002 aka haife shi, a Ingila. Labarinsa akwai darasi. Ya taso ne a kulob ɗin Worcester, yana buga wa manya tun yana ɗan shekara 18. A 2022 bashi ya durƙusar da kulob ɗin, kwantiragin kowa ya zama takardar banza. Sai Northampton suka ɗauke shi, kuma a 2024 da shi a lamba 10 suka ci gasar kulob-kulob ta Ingila, suka doke Bath 25 da 21 a wasan ƙarshe.

Iyayensa mutanen Sikotlan ne, kakansa ma Tom Elliot ya buga wa Sikotlan, saboda haka ƙasashe biyu suka yi zawarcinsa. Ya zaɓi Ingila, ya fara buga mata a 2024. Ranar da aka fara ba shi lamba 10 tun daga farkon wasa, a Fabrairun 2025, Faransa ce a gabansu. Saura minti ɗaya ko biyu a tashi Ingila ta dangwala, aka bar masa bugun ƙarin da zai raba gardama, ya zura shi, aka tashi 26 da 25. A shekarar nan kuma aka zaɓe shi cikin tawagar Lions, wato zaratan Ingila da Sikotlan da Wels da Ailan da ake haɗawa duk bayan shekara huɗu, suka tafi Ostireliya. Kyaftin ɗin tawagar kuwa Maro Itoje ne, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne.

Fin Smith ba shi da gudun Sacha, amma yana da natsuwar dattijo, kuma ba ya tsoron tare ƙato. Matsalarsa cunkoso ce. A Ingila akwai Marcus Smith, wanda ba danginsa ba ne, suna ne kawai ya zo ɗaya, akwai kuma George Ford, haihuwar 1993. A Nuwamban 2025 Ford ne aka ba rigar a wasan da Ingila ta ci Niyu Zilan 33 da 19. Yaro ya iya, amma babba bai tashi daga kan kujera ba.

NA UKU: SAM PRENDERGAST

Haihuwar 2003 ne, ɗan ƙasar Ailan, dogo siriri, kulob ɗinsa Leinster. Ya yi suna ne a 2023, lokacin da 'yan ƙasa da shekara 20 na Ailan suka cinye duk wasanninsu biyar a gasar Ƙasashe Shida. Ya shiga babbar tawaga a Nuwamban 2024, kuma a gasar Ƙasashe Shida ta 2025 shi ya fara wasanni huɗu na farko. A watan Yunin shekarar, Leinster ta ci Bulls 32 da 7 ta ɗauki kofin gasar da ta haɗa kulob-kulob na Ailan, Sikotlan, Wels, Italiya da Afirka ta Kudu, shi ne a lamba 10.

In ana maganar hannu da ido, da wuya a samu kamarsa cikin sa'o'insa. Yakan riƙe ƙwallo har sai mai tsaro ya taho kansa, sa'an nan ya sake ta ga wanda aka bari ba kowa. Yana kuma da wani irin bugu da ƙwallo ke tafiya tana murɗawa, ta yi nisa ƙwarai. Amma wajen tare mutum yana da rauni, abokan karawa kuma sun gane, kansa suke nufa. A Maris 2025 Faransa ta zo har Dublin ta ci su 42 da 27, aka yi ta sukarsa. A watan Mayu kuma suka haɗu da Fin Smith gaba da gaba a wasan kusa da na ƙarshe na kofin zakarun Turai, Northampton ta ci Leinster 37 da 34 a gidansu. Da aka zo zaɓen Lions, aka ɗauki Smith aka bar shi.

Shi ma yana da kishiya, Jack Crowley na kulob ɗin Munster, haihuwar 2000, wanda ya buga kowane minti na gasar Ƙasashe Shida ta 2024 da Ailan ta ci. Tun da Johnny Sexton ya yi ritaya a 2023, mutanen Ailan suka rabu biyu a kan waɗannan samari.

NA HUƊU: TOM LYNAGH

Wannan ɗan gado ne. Mahaifinsa Michael Lynagh shi ne mai lamba 10 na Ostireliya lokacin da suka ci Kofin Duniya a 1991, ya tara wa ƙasarsa maki 911. An haifi Tom a Italiya a 2003, ya yi makaranta a Ingila, sa'an nan ya koma ƙasar ubansa ya shiga kulob ɗin Queensland Reds. Wansa Louis kuwa Italiya ya zaɓa. Ka ga gida ɗaya, tuta biyu.

Tom ya fara buga wa Ostireliya a Yulin 2024. A Yulin 2025 Noah Lolesio, wanda ke riƙe da rigar, ya ji ciwo a wuya, sai aka ɗora wa Tom nauyin karawa da Lions, alhali bai taɓa fara wa ƙasarsa wasa ba. Ya fara duka wasannin uku. Lions suka ci biyu, Ostireliya ta ci na ƙarshe 22 da 12, amma a wannan wasan aka buge shi a ka, ya fita bai gama ba. Yana da ƙafa mai kyau da sanyin kai, sai dai ba shi da girman jiki, kuma bugun kai shi ne babban abin tsoro a wannan wasa. Bugu da ƙari, a ƙarshen 2025 Carter Gordon, wanda ya riƙe wa Ostireliya lamba 10 a Kofin Duniya na 2023, ya dawo daga ɗaya nau'in zari-rugar mai mutum 13, ya shigo kulob ɗin da Tom yake.

YADDA KASUWAR TAKE

Yanzu mu zo kan tambayarka ta uku, Alhaji, wadda ita ce ta fi shafar ɗan kasuwa. Har zuwa watan Agustan 1995 haramun ne a biya ɗan zari-ruga albashi, saboda haka sana'ar ba ta daɗe ba, kuɗin cikinta kuma ko kusa bai kai na ƙwallon ƙafa ba. Wani bambanci kuma shi ne ba a cika sayen ɗan wasa daga hannun kulob ba. Galibi sai kwantiraginsa ya kusa ƙarewa dillalinsa yake fara karɓar tayi, in an daidaita ya ɗauki la'adarsa.

Manyan masu saye biyu ne. Akwai Faransa, inda attajirai ke riƙe da kulob-kulob 14 na babbar gasarsu. Akwai Japan, inda kamfanoni irin su Toshiba da Toyota da Panasonic ke da ƙungiyoyi, ga albashi mai kyau ga wasanni kaɗan, jiki yana hutawa. To me zai hana yaro tafiya? Dokar ƙasarsa.

A Ingila, duk wanda ya tafi kulob ɗin waje ba za a kira shi tawagar ƙasa ba. Owen Farrell, tsohon kyaftin ɗin Ingila, ya tafi Racing 92 na Paris a 2024, bayan shekara ɗaya ya dawo Saracens. Sa'an nan kulob-kulob ɗin Ingila an ƙayyade musu abin da za su kashe a albashi. A 2021 an rage shi zuwa fam miliyan 5, a 2024 aka mai da shi fam miliyan 6 da dubu 400, ban da ɗan wasa guda ɗaya da aka yarda a biya shi a wajen lissafi. An yi haka ne don kada gasa ta kashe su, amma duk da haka Worcester da Wasps sun rushe a 2022, London Irish ta bi su a 2023. Don a riƙe zaratan, tun 2024 hukumar wasan ta Ingila take ba wasu 'yan wasa, da ba su wuce 25 ba, wani kwantiragi na daban a kan na kulob.

A Ailan kulob huɗu ne kacal, Leinster, Munster, Ulster da Connacht, duk a ƙarƙashin hukumar ƙasa. Ba a rubuta dokar ba, amma kowa ya san wanda ya fita ya fita. Sexton ne aka ɗaga wa ƙafa lokacin da ya zauna Paris daga 2013 zuwa 2015. Suna da wata dabara kuma: tun 2002, ɗan wasa in ya yi ritaya yana iya neman a mayar masa da wani kaso na harajin da ya biya a ƙasar cikin shekaru 10 na wasansa. Wato kamar adashi ne da ba a kwasa sai ranar ajiye takalmi. A 2025 jaridu sun yi ta ba da labarin kulob ɗin Leicester na Ingila yana zawarcin Crowley, amma ya sa hannu a kan shekara biyu ya zauna Munster. Wanda ya ga layi ya yi masa tsawo kuwa yakan nemi wata ƙofa: Ben Healy ya bar Munster a 2023 ya koma Edinburgh, ya buga wa Sikotlan ta dalilin dangin mahaifiyarsa.

Niyu Zilan ma haka take. Richie Mo'unga ya tafi Toshiba bayan Kofin Duniya na 2023, ya ci musu kofin Japan a 2024 da 2025, amma duk tsawon lokacin nan ƙasarsa ba ta kira shi ba. A 2025 ya sa hannu zai koma gida don kada Kofin Duniya na 2027 ya wuce shi.

Afirka ta Kudu ce ta bi wata hanya. Kuɗinsu ba shi da ƙarfin fam ko yuro ko yen, sun san ba za su iya riƙe kowa ba, sai suka ce kowa ya tafi inda ya ga dama, in ana bukatarsa za a kira shi. Pollard ya tafi Montpellier a 2019, ya koma Leicester a 2022, yana can ya ci Kofin Duniya, a 2025 ya dawo Bulls. Manie Libbok, wanda ke gaban Sacha a Stormers, ya tafi Japan a 2025.

Har ila yau a 2025 wasu masu kuɗi sun fito da shirin sabuwar gasa mai suna R360, suna tayin albashi mai tsoka. A watan Oktoba hukumomin ƙasashe takwas, ciki har da na samarin nan huɗu, suka ce duk wanda ya shiga ya yi sallama da rigar ƙasarsa. A watan Nuwamba masu shirin suka ɗage farawa zuwa 2028.

To ka ga amsar, Alhaji. Yaron da ya ƙi tayin waje ba wauta ya yi ba. Rigar ƙasa ita ke kawo ladan wasa, ita ke kawo tallan kamfanoni, ita ce kuma ke ɗaga farashinsa nan gaba. Kamar manomi ne da aka taya masa hatsi da kaka, ya ce albarka, ya zuba a rumbu yana jiran bazara. Mai lamba 10 ba ya nuna da wuri. Dan Carter na Niyu Zilan yana da shekara 33 ya ci wasan ƙarshe na Kofin Duniya a 2015, Sexton ma yana da 33 aka zaɓe shi gwarzon duniya a 2018. Wanda ya tara suna a gida har ya kusa 30, in ya fita kasuwa shi ke faɗin kuɗinsa.

Sai dai rumbu ma yana da ƙwari. Danny Cipriani ya fara wa Ingila wasa a 2008 yana ɗan shekara 20, ya ci maki 18 a kan Ailan, kowa ya ce an samu magajin Wilkinson. Bayan wata biyu ya karye a idon sawu, kuma duk rayuwarsa wasa 16 kawai ya buga wa ƙasarsa. Patrick Lambie na Afirka ta Kudu ya ajiye wasa a Janairun 2019 yana da shekara 28 saboda yawan bugun kai. Wanda ya jira bazara yana iya samun riba, yana kuma iya buɗe rumbu ya tarar da gari.

TO WA YA FI?

In aka ce in jera su a kan abin da suka nuna zuwa ƙarshen 2025, Sacha ne na ɗaya, a fili da kuma a kasuwa. Shi kaɗai ne cikin huɗun dokar ƙasarsa ta daɗe da sakar wa mara, yana iya cin kuɗin Faransa ko na Japan bai rasa rigarsa ba. Duk da haka a 2025 ya sabunta kwantiraginsa da Stormers. Wanda kowa ke taya kayansa ba ya gaggawar sallamawa.

Na biyu Fin Smith. In ni ne mai kulob, kuma kuɗina na mutum ɗaya ne, shi zan ɗauka, don shi ne wanda ka san abin da zai ba ka kowane mako. Masu sayensa dai kulob-kulob ɗin Ingila ne kawai muddin yana son rigar ƙasa, amma Ford ya girme shi da shekara 9, lokaci yana gefensa.

Na uku Prendergast. Shi ne maraƙin da in ya yi kyau zai iya fin kowa, in kuma bai gyara tare mutum ba, zai ƙare a benci yana kallon Crowley. Abin da ke gabansa a gida shi ne ya samu kwantiragin hukumar ƙasa kai tsaye, wanda ake ba zaratan da aka tabbatar da su.

Na huɗu Lynagh, ba don rashin iyawa ba, sai don lafiyarsa ce za ta yanke hukunci. Amma yana da sa'a guda: a Ostireliya za a yi Kofin Duniya na 2027, da ƙasashe 24. Ɗan gida da ya haska a wannan gasa, dillalai ne za su yi layi a ƙofarsa.

Kafin in rufe, ga 'yar shawara ga iyaye, don na san akwai masu 'ya'yan da ke mafarkin wasa a ƙasar waje, ko da ƙwallon ƙafa ne. Duk takardar da aka kawo wa yaro, a samu wanda ya iya karatu, kuma ba ɗan'uwan dillali ba, ya karanta ta daga farko har ƙarshe. A tambaya shekara nawa ce, wa zai biya magani in ya ji ciwo, albashi zai ci gaba ko zai tsaya, kuma shi kulob ɗin yana da ƙarfin biya? Samarin Worcester ma takardu gare su masu sa hannu da hatimi. Kada kuma a bar makaranta ko sana'a, don wanda ya fi kowa daɗewa a fili, irin su Sexton, yana da shekara 38 ya ajiye.

Alhaji, da fatan ka gamsu, kuma yanzu in yaran sun tayar da musu kai ma kana da ta cewa. Ka gaishe mana da mutanen kara. Sauran masu sauraro da wasiƙunsu ba su fito ba, a yi haƙuri, suna nan a layi. Sai mako mai zuwa, a huta lafiya.